4.3 Sharhi a Kan Ƙarko da Launin Haƙoran Roba na Zamani

Tun shekarar 1937 ake haɗa haƙoran roba da hannu daga robar akirilik. A sabuwar hanyar kuwa, kwamfuta ke tsara siffar haƙoran, na'ura ta riƙa ɗora ruwan roba hawa-hawa, haske yana daskarar da shi. Manazarta da dama sun nuna cewa irin waɗannan haƙora ba su kai waɗanda ake sassaƙawa daga dunƙulen roba ƙarfi ba, kuma sun fi saurin dafewa.

Sai dai wannan bincike ya lura da wani giɓi. A galibin gwaje-gwajen, cikin kofi ko shayi ko giya ake jiƙa haƙoran. Idan aka dubi Tambuwal da Kebbe kuwa, goro da taba gari ke rina haƙori, sai fure a wajen mata. Kilishi da rake kuma su ke gwada ƙarfinsa. Dattijon da ya sayar da akuyarsa, ya je Sakkwato aka sa masa haƙora, ba zai bar goro ba. Don haka, sakamakon da ba a gwada da goro ba bai isa hujjar tallata waɗannan haƙora a wannan yanki ba.