Wa Ake So, Wa Ake Wucewa? Tsokaci Kan Wakilcin Al'ummu a Wasannin Soyayya da Barkwanci na Talabijin ɗin Amurka

Gabatarwa

Wasan soyayya mai ban dariya yana da tsari sananne: namiji da mace su haɗu, a sami tangarɗa, a yi dariya, a ƙarshe su daidaita. Saboda sauƙin tsarinsa, wasu manazarta kan ɗauke shi abin nishaɗi kawai. Amma duk wasan da ya ce wane ya cancanci a so shi, to ya faɗi wanda bai cancanta ba. Wannan maƙala za ta duba wasu wasannin talabijin na Amurka domin nuna cewa ba a auna wakilci da yawan fuskoki. Ana auna shi da matsayin da aka bai wa mutum a cikin labari, da kuma hannun da ke riƙe da alƙalami.

Baƙo a Matsayin Cikas

Wasan Friends, wanda tashar NBC ta nuna daga 1994 zuwa 2004 cikin kashi 236, ya ginu kan abokai shida, dukkansu farar fata, mazauna birnin New York. Ƙidayar 1990 kuwa ta nuna baƙar fata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Akwai waɗanda ba farar fata ba a wasan, sai dai abin lura shi ne aikin da aka ba su. A 1995 an shigo da Julie, 'yar asalin Asiya, wadda Lauren Tom ta fito a matsayinta. A 2003 kuma aka kawo Charlie, baƙar fata, wadda Aisha Tyler ta taka a kashi 9. Dukkansu masu ilimi ne, dukkansu sun yi soyayya da Ross, kuma dukkansu an sallame su domin a share hanya ga Ross da Rachel. Mai kallo bai san danginsu ko damuwarsu ba. Abin da aka koya masa shi ne ya ƙosa su tafi. Wannan rauni ne a ginin taurari, domin an mai da mutum dutsen da ake tuntuɓe da shi. Marta Kauffman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ta amsa wannan gazawa, har a 2022 ta bai wa Jami'ar Brandeis dala miliyan 4 domin nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka.

Idan Mai Ɗaki Ya Riƙe Alƙalami

Shekara guda kafin Friends, wato a 1993, tashar Fox ta fara nuna Living Single na Yvette Lee Bowser. Shi ma abokai shida ne a New York, a unguwar Brooklyn, amma baƙar fata: akwai lauya, akwai mai mujalla, wadda Queen Latifah ta taka. A nan soyayyar Max da Kyle ita ce ƙashin bayan barkwancin, ba wanda ya zo rakiya. Haka Issa Rae ta yi a Insecure, daga 2016 zuwa 2021, inda tauraruwar take yin kuskure, ta ci amanar saurayinta, ta yi nadama. 'Yancin yin kuskure ba tare da an ɗora wa mutum laifin ƙabilarsa duka ba shi ne cikar wakilci. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai riƙe alƙalami bai kawar da kowace matsala ba. A The Mindy Project, daga 2012 zuwa 2017, Mindy Kaling, 'yar asalin Indiya, ita ce ta ƙirƙiro wasan kuma ita ce tauraruwa. Duk da haka an soke ta da cewa kusan duk samarin da aka haɗa ta da su farar fata ne. Ke nan an sauya mai so, amma ma'aunin wanda ake so yana nan yadda yake.

Kammalawa

Ga ɗalibin da ke nazarin irin waɗannan wasanni, ko mai sha'awar rubuta nasa, tambayoyi uku sun wadatar. Wane ne labarin ke bi zuwa gida? Wa ake yi wa dariya, kuma da wa ake yin ta? Wa ya rage a fage idan an zo kashi na ƙarshe? Amsar waɗannan ita ke bambanta wasan da ya buɗe ƙofa da wanda ya leƙo da baƙo ta taga, sannan ya rufe.