Sunan Unguwa da Sunan Mazaɓa: Nazari a kan Jerin Mazaɓun Jihar Katsina

Jerin mazaɓun da hukumar zaɓe ta ƙasa ke aiki da shi ya kasa Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, zuwa ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. An tsara shi ne domin ƙidayar ƙuri'a, amma a hankali ya zama ma'aunin da ake raba taki da allurar rigakafi da kayan agaji a kansa. Saboda haka ya cancanci a dube shi da idon nazari kamar yadda ake duban littafi, gama abin da ya ambata shi hukuma ke gani.

Hausa tana da kalmomi uku waɗanda Turanci kan cakuɗa. Unguwa wuri ne da zama ya haifar, tana da mai unguwa da masallaci da tarihi. Gunduma ƙasar hakimi ce. Mazaɓa kuwa iyaka ce da aka shata da alƙalami. Jerin bai kula da wannan bambanci ba, aibinsa na fari ke nan.

A birnin Katsina abin ya fi fitowa fili. Mazaɓu 12 aka ba ƙaramar hukumar, mafi yawansu kuwa da sunan kusurwa aka kira su: Wakilin Arewa, Wakilin Kudu, Wakilin Gabas, Wakilin Yamma, sa'an nan aka tsaga kowace da harafi ko lamba. Mai neman Masanawa, wadda ake dangantawa da Wali Ɗan Masani, ko Gambarawa, ko Yarinci, ko Galadunci, ba zai same su ba. Alhali waɗannan sunaye su ne ke faɗin wanda ya zauna wurin, da sana'arsa, da sarautarsa; ɗafin "-awa" na nuna jama'a, "-nci" kuwa na nuna mazaunin mai sarauta. Barth, Bajamushen da ya shigo birnin a 1851, ya ga dacewar rubuta sunayen unguwanninsa. Abin mamaki ne baƙo ya kiyaye abin da takardar gida ta tsallake.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa jerin ya fi kyautatawa, kuma wajibi ne a yaba masa. Ya bar garuruwa da sunayensu: Ƙetare da Pauwa da Wawar Kaza, Daudawa da Mairuwa da Ruwan Godiya da 'Yankara, Damari da Gazari da Dugun Mu'azu. Pauwa ma kaɗai ta isa shaida, domin daga gare ta hakimin Ƙanƙara ya sami sarautarsa ta Sarkin Pauwa. Sai dai inda aka haɗa garuruwa biyu ko uku da ɗan karan layi a suna guda, an ɗaura musu auren da ba su nema ba.

Aibi na biyu na rubutu ne. Babu ƙugiya a jerin ko ɗaya, sai Ƙanƙara ta koma "Kankara", aka kuma rubuta Macika da "ch". Mai karantawa daga nesa yakan furta abin da ya gani. An ji haka a Disamba 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sunan garin ya zaga duniya a gurguje.

A ƙasar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, wannan magana ta wuce ta nahawu. Ƙauyen da ya watse, in ba shi cikin takarda, to, babu inda za a nemi sunansa ran da mutanensa suka so komawa.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A bar mazaɓu yadda suke, amma a buga wa jerin rataye da ingantaccen rubutun Hausa, a ƙarƙashin kowace mazaɓa a jera unguwanni da ƙauyukan da ke cikinta, bisa ga abin da dagatai da masu unguwanni suka tabbatar.