Likitan da ke raba matasa da ƙwaya

Duk wanda ya san Agyaragu ya san doya. Kafin ta iso kasuwa, wani ya wuni sunkuye yana tada kunya, wani ya yi dakonta zuwa motocin da ke bin hanyar Lafiya zuwa Makurɗi. A irin wannan aikin ƙarfi tramol ke samun ƙofa, a nan da sauran garuruwan noma. Matashi zai fara sha don kashe gajiya, bayan 'yan watanni in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa. Gida a ce ya lalace, unguwa a ce ɗan ƙwaya. Likitan shaye-shaye kuwa majinyaci yake gani.

Hanyar zama irin wannan likita doguwa ce: shekara 6 a jami'a, horon asibiti, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na ƙwarewa, galibi a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne iya tambaya. Mai shan ƙwaya ya saba da ɓoyewa, domin duk inda ya faɗi gaskiya zagi ya sha. Likitan zai zaunar da shi, ba tsawa ba wa'azi: "Guda nawa kake sha a rana? Yaushe rabonka da ita? Me kake haɗawa da ita, kodin ko wiwi? Barci fa?" Kowace amsa da aikinta. Tramol da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne ko 100, alhali na bayan fage yakan kai 225, kuma yawan shan sa na jawo farfaɗiya. Wanda ya daina shi farat ɗaya zai sha ciwon gaɓoɓi, zawo, yoyon hanci da rashin barci na kwanaki. Wanda ya daɗe yana ɗirkar burkutu ko ogogoro nasa ya fi haɗari, don yankewa lokaci guda na iya kai shi lahira. Sanin wanda za a rage wa sannu a hankali, wanda za a kwantar, da wanda ciwon damuwa ne ya fara tura shi ga ƙwayar, nan gwanintar take.

In yaro ya koma ruwa bayan sallama, likitan ba ya zare ido. Ya san ciwo ne mai dawowa kamar hawan jini, sai ya binciki abin da ya jawo, abokai ne ko zaman banza, ya kira iyaye ko matar a sake shiri.

In kuma malamin jami'a ne, aikinsa ba ya tsayawa a ɗakin duba marasa lafiya. Yana koyar da ɗalibai, yana ƙirga abin da al'umma ke kawar da kai a kansa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Irin waɗannan likitoci magadan Farfesa Thomas Adeoye Lambo ne, wanda a 1954 ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro da ke Abeokuta, 'yan'uwansu na tare da su. Haƙiƙa ya hango nesa, domin har gobe jinyar da babu hannun dangi a ciki ba ta cika ɗorewa ba.

Mun ga abin da rashin wannan ilimi ke haifarwa. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu neman gyaran hali, da kyakkyawar niyya, don ba su san wata ƙofa ba.

Ƙofar tana nan. Iyayenmu na Agyaragu da kewaye, in ɗanku ya faɗa shaye-shaye, ku fara da babban asibiti a Lafiya, ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ku raka shi da kanku.