Aron Samfur: Yadda Saƙar Ulu Ke Yawo Tsakanin Matan Kwatarkwashi

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe dutsen Kwatarkwashi, sai kasuwar ulu ta buɗe. 'Yan koli a Gusau da Tsafe da Bungudu sukan jero shi gaban rumfa, ja da shuɗi da fari da ruwan ɗorawa, ga kwarashi manya da ƙanana a gefe. Masu sayen galibi yara ne da aka aiko daga cikin gida, kowa da ɗan guntun zare a hannu don kada ya ɓata launi. Abin da za a saƙa ba wani babba ba ne: hular jariri, safa, 'yar rigar sanyi, shawul, tuma-ƙasa ta rufe kwanon maigida, sai jakar waya da 'yan mata suka shigo da ita. Ƙanƙantar kayan ta sa ba a cika sanya wannan saƙa a jerin sana'o'i ba. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikinta shi ne yadda samfur ke tashi daga wannan gida ya faɗa wancan, ba takarda, ba alƙalami, ba ko sisi.

Gidan suna shi ne babbar makarantar. Mace za ta karɓi jaririn wata ta yi masa wasa, amma idonta na kan hular da ke kansa. Can sai ta cire ta, ta juya cikinta waje, ta ɗan ja ta don ramukan su buɗe. Idan abin ya fi ƙarfin kallo ɗaya sai ka ji ta ce, "Yaya, don Allah ki ara mani hulag ga ta kwana wurina." A gida za ta fara daga tsakiyar kai, inda mai saƙar ta soma. Ta ƙirga sarƙar farko, ta bi zagaye bayan zagaye tana neman inda aka yi ƙari har hular ta buɗe, da inda aka daina ƙarin ta gangaro kunne. Wurin da ya gagare ta, kamar furen da aka ɗora a gefe ko bakin da aka yi wa tsini-tsini, sai ta jira ranar unguwa. Mai hular ta karɓi kwarashi ta yi layi biyu a hankali, sannan ta ja zaren ta warware duka, ta miƙa mata: "To, yi in gani." Warwarewar nan ita ce koyarwar. Da ta bar mata layukan, da ta tafi da saƙar wata, hannunta bai ɗauki komai ba.

Ba a biyan kuɗin wannan. Lamarin kamar biki ne, wadda kika yi wa yau ita za ta yi miki gobe. Kuma kwafin ba ya taɓa fitowa daidai da na asali. Hannun wata da tsauri, na wata sako-sako. Launin da aka gani a hular farko ya ƙare a wurin ɗan koli, sai a sauya. Awo kuma da taƙi da yatsu ake yi, ko a gwada a kan jaririn maƙwabta. Wata ma kuskure za ta yi a ƙidaya, abin ya fito da kyau, ya zama sabon yayi. Kafin samfur ya tashi daga Kwatarkwashi ya isa Tsafe ta hannun amarya ko 'yar barka, ya riga ya zama wani abu dabam.

Saƙar ba tamu ba ce tun fil azal. Tsofaffin safunan saƙa da aka tono a Misra, na auduga masu fari da shuɗi, sun kai shekara ɗari bakwai zuwa dubu. Kwarashi kuwa a Turai ya bunƙasa a ƙarni na 19, kuma tare da takarda ya girma: tun shekarun 1820 wata mujallar mata a ƙasar Holan mai suna Penélopé take buga bayanin yadda ake yinsa. Mu ya iso mana ta makarantun 'yan mata, daga baya cibiyoyin koyar da mata sana'a suka yaɗa shi, musamman bayan shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987 da Family Support na Maryam Abacha a 1994. Sai dai ya tarar da hannuwan da suka san zare. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya san matsayin kaɗi a rayuwar matan aure. Gurza, shiɓa, mazari da alli, da su mace ke tara na adashi da kayan ɗakin 'yarta. Zaren masana'anta ya kashe kaɗi, amma bai kashe zaman tsakar gida da hira da hannu mai neman abin yi ba. A ganina nan ulu ya samu gurbi, ya kuma gaji tsarin koyo na kaɗi, wato a zauna kusa a kalla.

Yanzu akwai masu ba mata shawarar su riƙa ɓoye samfurinsu, wai kwafi ne ke karya farashi. Na fahimci zafin da ke bayan maganar. Mace ta yi dare tana ƙirƙiro salo, sati biyu ya cika unguwa, dillaliya na yawo da irinsa a rabin kuɗi, ba wanda ya san ma ita ta fara. Amma ban yarda ɓoyon zai yi magani ba. Hula a kan yaro take, kowa na gani, mai ido kuwa za ta ƙirga ta ko an so ko an ƙi. Sannan wadda ta hana yau, ita ma da aro ta koya. Masu cinye ribar a waje suke: ulu da ake shigowa da shi, wanda kuɗinsa ke bin dala, da dilar gwanjo mai cike da rigunan sanyin yara, da hulunan inji masu araha, da kuma kasuwar da ba ta wuce wata uku na sanyi. Abin da ke hannun mai kwarashi wanda ba ya hannun kowa shi ne wannan: tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa a Ingila, kuma keken saƙa da ake raba wa mata jikansa ne, amma har yau ba injin da ke fitar da saƙar kwarashi ta ainihi yadda hannu ke yi. Wadda ta ƙware tana sayar da abin da masana'anta ba ta da shi, kuma aron nan ne ke samar da ƙwararrun.

Inda nake da ƙorafi a kan al'adar shi ne abin da take kwafa. Yawancin ulun kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake samu daga man fetur. Gaskiya ne ma'aikatan lafiya na son a rufe kan sabon jariri, musamman bakwaini, don ta kai zafin jiki ke saurin fita. A Disamba da Janairu hular ulu rahama ce. Amma sai ka ga an naɗe jariri da cikakken saiti a watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, don kawai kayan barka ne kuma ana son mai kyautar ta gani. Ƙuraje da kuka ne sakamakon. Abin takaici kuma, wannan ƙasar auduga ce. Auduga da gyaɗa ne suka jawo layin dogo ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, ga injinan gurza, ga masaƙar Zamfara da ta ciyar da dubban gidaje kafin ta durƙushe. A ce a irin wannan wuri mai saƙa ba ta samun zaren auduga mai laushi da za ta yi wa jariri hular bazara, abin ba ya shiga kai.

Haka ma zanen. Furanni da kunnuwan zomo da ake ɗorawa a huluna daga ƙasashen ƙanƙara suka zo. Ina dagi? Ina zanen faifai, wanda shi ma daga tsakiya yake farawa ya zagaya, daidai da yadda ake hula? Tuma-ƙasa ce kaɗai nake gani ta zama 'yar gida sosai, domin buƙatarmu ce ta haife ta, wato kai abinci zaure ko gidan surukai a rufe cikin mutunci.

Waya ta ƙara faɗin aron. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa mai ido ta cire samfur, 'yan mata kuma na bin bidiyon YouTube ko da ba su jin harshen mai koyarwar. Amma a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, an ga iyakar dogaro da waya. Rashin tsaron nan ya fi taɓa saƙar ta wata fuska. Idan ƙauye ya watse, mata suka bazu a Gusau da Tsafe, maƙwabciyar da ake tambaya ta yi nisa, tsohuwar hular da ake kwafa kuma an baro ta a ɗaki. Samfurin da ba ya ko'ina sai a kan mace ɗaya, da ita yake tafiya.

Don haka nake ganin kowace cibiyar mata, ko ajin matan aure na Islamiyya, ya kamata ta ajiye littafin samfur. Ba sai an jira rubutun Turawa mai alamomi ba. A saƙa ɗan guntu kamar tafin hannu a ɗinke shi a shafi, a rubuta ƙidayarsa da Hausa a ƙasa, da boko ko da ajami, a sa sunan wadda ta kawo shi da garinsu da shekarar. Mai aro ta zo ta duba kyauta kamar yadda aka saba, mai ƙirƙira kuma a san ta, har mai son a yi mata saitin suna ta san ƙofar da za ta aika yaro. Kuɗin littafin da ragowar ulun bai kai zubin adashi ɗaya ba.