Jinjina ga Masassaƙan Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa daka a turmin ƙirya ya san aikin hannu ba wasa ba ne. Itacen tauri gare shi, sai masassaƙi ya yini yana saran cikinsa da gizago kafin ramin ya zauna daidai, bakin bai tsage ba, gindin kuma ba ya rawa. Masassaƙan Birnin Gwari su ne na ga sun cancanci jinjina, domin dajin da ke ba su itace, daga Kamuku har Kuyambana, shi ne ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. Shiga neman itace ya koma sayar da rai, hanyar Kaduna ta gagari masu sari, amma ba su jefar da gizago ba.

Samun wurin baje kaya ma sai da bin hanya. Mutum zai je gaban Sarkin Kasuwa da wanda ya san shi, ya gaisa, ya faɗi sana'arsa, a nuna masa gefen da zai jera turame, taɓare, ƙotoci da kujerun tsugunno, ya biya kuɗin tikiti. Amana ce takardar shaidarsa.

Da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, kowa zancen shanu yake yi. Ni kuwa na yi murna ne saboda masu sassaƙa, don mai shanun da ya yi ciniki shi ne ke sayen turmin garar 'yarsa.