Gyaran tsohuwar tele a ƙasar Ƙonni: sana'ar da ke karanta cuta a fuskar gilashi

Duk rumfar mai gyaran rediyo da ka leƙa a Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela, za ka tarar da tsofaffin tele masu ƙaton baya jibge a lungu, ƙura ta rufe su. Wasu masu su sun kawo gyara ba su dawo ba, wasu kuma mai rumfar ya ajiye su don ya riƙa cire musu kayan ciki. Har yanzu akan shigo da irinsu daga ƙauyukan Alela da Bazaga, ɗaure a bayan babur. Gidajen gem ma, inda samari ke buga ƙwallo a PlayStation, sun daɗe suna riƙe da su saboda arha da jure wahala. Abin da ya dame ni shi ne ilimin da ke kan mutumin da ke zaune gaban wannan tuli da ƙarfen narka dalma a hannu.

Sana'ar tana da tarihinta a nan. Nijar ta fara sanin tele ta hanyar makaranta a 1964, kafin Télé Sahel ta soma watsa shiri ga kowa a 1979. Sai dai Nijar ta bi tsarin launi na Faransa, SECAM, Najeriya kuma ta bi PAL. Ga mutumin Yamai wannan ba wani abu ba ne, amma Ƙonni tana manne da Illelar Najeriya, kaya kuma daga Sakkwato da Kano suke kwararowa. Sai mutum ya sayo akwati a ƙetaren iyaka, ya kama tashar gida, hoto ya fito fari da baƙi, murya ta koma shuu. Mai gyaran kan iyaka dole ya san tsarin biyu, ya san inda zai taɓa murya ta dawo. Da finafinan Kano suka cika gidajen kallo a kaset bayan 1990, aiki ya ƙaru, hannaye suka goge.

Gwanintar tana cikin ganewa. Ƙwararre ba ya fara kwance kusa. Kunnawa yake yi, ya zuba ido, ya kasa kunne. Idan hoto duka ya tattare ya zama farin layi guda a kwance tsakiyar gilashi, ya san ɓangaren da ke shimfiɗa hoto sama da ƙasa ne ya tsaya, zai kuma gaya maka ka daina kunna ta, kada layin ya ƙona gilashin. Idan ba hoto sai ƙara tik-tik-tik, hankalinsa na kan babban taransista. Tabon shuɗi ko kore a kusurwa kuwa, sai ya tambaye ka ko ka jingina ta da sifika, domin maganaɗisu ne ya ja launin. Akwai kuma wadda sai an mare ta take kawo hoto. Wannan dalmar da ke riƙe ƙafafun kayan ce ta tsage don zafi da sanyi. Zai kifa allon da kayan ke kai, ya bi ƙafa-ƙafa da ido, ya gano zoben tsagar da bai fi silin gashi ba, ya ɗiga sabuwar dalma. Shi ke nan, akwatin da aka fid da rai a kansa ya tashi.

Yanayinmu ne malaminsa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da kondansa har kansu ya kumbura. Ƙurar hunturu tana kwantawa kan allo, damina ta jiƙa ta, wuta ta sami hanyar tsallake. Ga kuma lantarki mai hawa da sauka, na layi ko na janareto.

Abu ɗaya ba a wasa da shi. A bayan kwalbar hoton, wato ƙaton gilashin da ke cikin akwatin, akwai jar waya mai kauri da ke ƙarewa da faifan roba. Ta nan wuta mai kusan bolt 25,000 ke shiga, daga na'urar da masu gyara a Nijar ke kira THT. Ko an zare filogi, kwalbar tana riƙe da caji. Shi ya sa maigida na ƙwarai, kafin ya bar yaronsa ya sa hannu, sai ya nuna masa yadda ake ɗaura waya a jikin sukudireba, a haɗa da wayar da ke zagaye bayan kwalbar, a zura bakin ƙarƙashin robar har a ji ƙas. Haka ake koyon komai a rumfar: yaro ya fara da kakkaɓe ƙura da riƙe fitila, ya shekara yana kallo kafin a miƙa masa mita.

Ba na cewa a koma baya. Tele mai faɗi ta fi sauƙin ɗauka, ba ta cin wuta sosai, tana aiki da batir da faifan hasken rana. Wanda ya ga duhun da aka shiga lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ya san amfanin haka. Amma ta sauya aikin mai gyara. Yawanci yanzu allo sukutum ake cirewa a saka sabo, idan kuma gilashi ya fashe, kuɗinsa ya kusa na sabuwa. Yaron da ya taso a haka ya iya musanya, bai iya bin sawun cuta ba.

Sana'ar ma tana da laifinta. Ba a rubuta komai, wasu iyayen gida kuma suna ɓoye sirri har su tsufa da shi. Sannan ƙarshen akwatunan abin tsoro ne: ƴan gwangwan suna fasa wuyan kwalba don jan ƙarfen da ke naɗe a kai, su bar tarkacen gilashi a bola inda yara ke wasa, alhali gilashin bayan kwalbar haɗe yake da dalma mai yawa.

A Amurka da Turai, tun da kamfanoni suka daina ƙera irin wannan kwalba (Sony ya tsayar da samfurinsa na Trinitron a 2008), masu son tsofaffin injinan gem na jefa kwabo suna farautar tsofaffin tele don su ciro kwalbar, suna kuma neman wanda ya iya gyara. Aikin kusan iri ɗaya ne, don fuskar waɗannan injina tele ce marar kama tasha. Abin da suke nema ruwa a jallo, mu muna da shi a bakin kasuwa.

Wanda ya iya bin wuta ƙafa-ƙafa a tsohuwar tele zai iya gyara inbata, caja da injin ban-ruwa mai aiki da rana a gonakin albasa na Galmi. Cibiyoyin koyon sana'a na Ƙonni, Malbaza da Illela su ɗauko waɗannan dattawa su koyar, a biya su haƙƙinsu, tun idonsu yana ganin tsagar dalma.