Haƙurin Rabi: Cin Zarafin Mata a Cikin Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

Gabatarwa

A yau, duk wanda yake son sanin halin da mata suke ciki a gidajen aurensu, alƙaluma yake fara nema. Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai hedkwata a nan Abuja ta gudanar, ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa ɗanɗanar duka ko makamancinsa, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimakon kowa ba. To, wadda ba ta kai kuka ga kowa ba, yaya za ta buɗe cikinta ga baƙon da ya zo da takardar tambayoyi? Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu nuna cewa ƙagaggen labari yana shiga ɗakin da mai bincike yake tsayawa a ƙofarsa. Za mu kafa hujja da littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Marubuciyar da littafinta

Hajiya Balaraba Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren kuma bai je ko'ina ba. Tana daga cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano, kuma ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Labarin a taƙaice shi ne: Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannunsa, amma matarsa Rabi da 'ya'yansu tara suna cikin ƙunci. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rikici ya ɓarke tsakanin kishiyoyi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta auri Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta lashe dukiyar Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, sai aka matsa wa Rabi ta koma masa.

Warwarar jigo

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne irin zaluncin da marubuciyar ta zaɓa ta haska. Idan aka ce cin zarafi, yawancinmu mari da bulala muke hange. Zaluncin Alhaji Abdu kuwa ya fi yawa a bakin aljihu: kuɗin cefane da ba ya isa, nauyin yara da aka sakar wa uwa, alhali dukiya tana kwarara wani wuri. Wannan rauni ne da likita ba zai gani a jiki ba, maƙwabci ma ba zai ji ƙararsa ba.

Sai bayan shekara 25 da fitowar littafin, wato a 2015, aka sa hannu a kan Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, mai aiki a Babban Birnin Tarayya ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP. Sashe na 9 na dokar ya haramta korar abokin aure daga gida da ƙarfi. Sashe na 16 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi watsi da iyalinsa babu abin rayuwa. Mai karatu zai ga cewa waɗannan laifuffuka su ne kusan ƙashin bayan labarin Rabi. Shari'ar Musulunci kuwa tun tuni ta ɗora ciyar da 'ya'ya a wuyan uba, ta kuma ba wadda aka saka haƙƙin yin idda a ɗakinta. Saboda haka marubuciyar ba ta buƙaci aron ma'auni daga waje ba. Da mudun gida ta auna Alhaji Abdu, ya kuma gaza.

Abu na biyu shi ne ƙarshen labarin. Masu karatu da dama suna jin haushin komawar Rabi, har wasu suna ganin marubuciyar ta ja da baya ne. Mu a namu ganin, nan ne littafin ya fi ƙarfi. Rabi ta riga ta tsaya da ƙafafunta, amma da aka zo yanke shawara, muryar mazan da ke kewaye da ita ce ta rinjaya. Kalmar haƙuri, wadda ake yi wa amarya guzuri da ita ranar kai ta ɗaki, ita ce igiyar da aka jawo Rabi da ita. Marubuciyar ta nuna mana cewa azzalumin miji ba ya cin nasara shi kaɗai, sai da taimakon dangi masu gudun abin kunya.

Inda littafin ya gaza

Duk da haka, akwai inda muke da ja. Hukuncin Alhaji Abdu ta hanyar gobara ya zo, kamar yadda karin maganar da aka sa wa littafin suna ya yi alkawari. Wannan dabara tana sanyaya zuciyar mai karatu, amma tana iya koya masa zaman jira. A zahiri, sau nawa kasuwa take ƙonewa domin an zalunci mace ɗaya? Haka kuma an ɗora wa Delu kaya mai nauyi, har mai karatu yakan mance cewa wanda ya auro ta, ya kuma rubuta takardar saki, shi ne mai babban laifi. Auren Saudatu da mai kuɗi ma sa'a ce da ba kowace uwa take samu ba.

Yadda aka yi nazarinsa

A shekarun 1990 muhawarar masana ta fi karkata ga darajar irin waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. Muhawarar ta yi amfani, sai dai yayin da ake gardamar ko littattafan adabi ne, kukan da ke cikinsu bai sami kunnen da ya dace ba. A 2002 Novian Whitsitt ya nazarci ayyukan Hajiya Balaraba ta fuskar haƙƙin mata a Musulunci, wanda mataki ne mai kyau.

Kammalawa

Mun ga yadda littafin ya fito da rowa da kora da tilasta haƙuri a matsayin zalunci, mun kuma ga inda ya bar hukunci a hannun ƙaddara. Shawararmu ga ɗaliban da ke shirin rubuta kundin digiri ita ce su daina tsayawa ga lissafa jigogi kawai. Su ɗauki littafi irin wannan su ajiye shi kusa da dokar 2015 da alƙaluman 2018, su tambayi abin da kowanne ya gani da abin da ya kuɓuce masa. Ga masu ƙaga labari a cikinmu kuwa, har yanzu muna jiran wanda zai rubuta mana Rabin da ta kai ƙara, da abin da ta tarar a gaban alƙali da kuma a gidan iyayenta bayan ta dawo.